Dambun Inna a Ƙasar Indiya

Tun da safe nake jin turmi a tsakar gida. Uwar yara ce take dakan nama, za ta yi wa 'yarmu ta fari dambu, domin jibi za ta hau jirgi zuwa Indiya karatun aikin jinya. Ba na kiran sunanta, kuma ba a takarda zan fara ba. Dakan dafaffen nama daban yake da na hatsi, ba ya ƙara, luf-luf yake yi kamar ana dukan katifa. Ina zaune a benci a ƙofar gida da kofin shayi, sai na ajiye shi, don rabona da jin wannan daka da irin wannan niyya tun ranar da Inna, mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta yi mini nawa guzurin. Ni ma Indiya na je. Na san akwai masu dariya in na faɗa. Matasan da suke kawo mini gyaran adaidaita sahu a garejina na Gyaɗi-Gyaɗi, Baba Indiya suke ce mini, sun ɗauka a silima na gan ta. To su yi ta dariya. Ni na san ƙasar da na taka.

A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, ba na ɓoyewa. Daga nan masaƙa na shiga, sashen masu gyaran inji. A lokacin tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni akwai filayen da ake noma gero, mutum yana iya hango wanda ke tahowa tun daga nesa ya shirya gaisuwarsa. Bayan sallar Asuba sai ka ji ƙararrawar kekuna, mu ne ma'aikata, mun jeru ta titin Gidan Zu, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure a bayan sirdi. Mata suna shara, mai koko tana ɗage faifai, tsofaffi suna amsa mana gaisuwa daga kan buzu. Yanzu je ka tsaya a wurin da safe. Ba abin da za ka ji sai ham da zagi, kowa ya duƙa a kan waya, ɗan cikinka ma sai ya taka ka ya wuce. Filayen sun zama shaguna, masaƙar kuwa an mai da ita sito, ana jibge atamfar ƙasar waje a daidai inda muke saƙa tamu.

Da kamfani ya sayo sababbin injunan saƙa daga Indiya, sai aka ce za a tura mutum biyu su yi wata tara suna koyon gyaransu. Masu takardu suka fara goge takalma. Manaja ya ɗauki Bitrus, ɗan wani malamin makaranta mutumin Kudancin Kaduna da suke haya a Tarauni, mai difloma, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan birni. Na biyu kuwa ya ce ni. Wani injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko sunansa da ƙyar yake rubutawa." Manaja ya ce, "Ba sunansa ne ya lalace ba, inji ne. In ya tsaya, kai ake kira ko shi?" Har yau in na tuna fuskar injiniyan nan sai in ji sanyi a raina.

Kwana biyu Inna ta yi a kan dambun. Cinyar saniya ta sa aka sayo, ta dafa ta har ta saki, ta daka, ta soya da citta da kanumfari da barkono, ta bar shi ya sha iska, sannan ta danna shi a babban gwangwanin madara ta ɗaure murfin da tsumma. Tana ɗaurewa tana magana ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kai dai na san ka da baki, ka rage. Sannan kada in ji an ce ka buɗe abinci a gaban mutane ka ci kai kaɗai. Ko loma ɗaya ce ta rage, ka miƙa." Ba sabuwar magana ba ce. Tun muna yara, in ɗayanmu ya juya baya da ƙosai a hannu, da ludayi take buge masa yatsu. A gidanmu rowar abinci ta fi sata muni. Ranar tafiya mota guda aka cika don rakiya filin jirgi, har da liman, har da waɗanda ban taɓa yi wa magana ba. Yanzu yaro sai ya je ƙasar waje ya dawo maƙwabci bai sani ba.

Garin da aka kai mu garin masaƙu ne, zafinsa ya fi na Kano. Ni da na girma a kan finafinansu, na ɗauka ina sauka zan ga ana rawa a kan titi. Ban ga mai rawa ba. Mutane na gani jingim, kowa yana sauri, da shanu kwance a tsakiyar hanya motoci suna kewaye su da ladabi, da raƙumi yana jan amalanke, da wasu 'yan motoci masu ƙafa uku suna ta kutsawa kamar ƙudaje. Na ce wa Bitrus, "Wannan abin ko kyauta aka kai shi Kano ba mai hawa." Ga shi yau da shi nake ci.

A gidan kwanan ɗalibai aka ba mu wata takarda muka sa hannu. Ni ban karanta ba. Da muka shiga ɗaki Bitrus ya dubi gwangwanina ya ce, "Mutumina, ka san abin da ka sa wa hannu? An ce duk wanda aka kama da nama a gidan nan, jirgi na gaba shi ne nasa." Na ce, "Nama kuma? Ba giya ba?" Ya ce, "Nama. Balle na saniya. Mutanen nan uwa suka ɗauke ta." Na tura gwangwanin can ƙasan akwati na lulluɓe da babbar riga. Zubarwa dai ban iya ba, gumin Inna ne.

Rayuwar ba ta da wani ado. In tashi in yi sallah a kan barandar bene, ƙararrawar ɗakin bautarsu tana kaɗawa ta nan, kiran sallah yana tasowa daga tsohon gari ta can. Mai shayi ya zo da butarsa, shayin madara da citta a 'yan kofuna kamar na wasan yara, sai na sha uku nake jin na sha. Abinci kullum shinkafa da romon wake da wata gurasa siririya, da ganyaye iri-iri, har miya sukari suke sa mata. Wata na farko wandona ya fara zamewa. In abin ya ishe ni sai in rufe ƙofa, mu ɗebi dambu da yatsu uku ni da Bitrus mu barbaɗa a kan shinkafa, mu ci shiru kamar ɓarayi. Ranar Lahadi wanki a bakin famfo, mu shanya a kan rufi, mu zauna gadi saboda birai. Wani biri ya taɓa ɗauke mini hula zanna, ina kallo ya hau bishiya yana juya ta. Wasiƙa kuwa sai ta yi sati uku a hanya. Ƙanena yake karanta wa Inna, amsarta kullum ɗaya ce: kana sallah, kana cin abinci, kana gaida manya?

Da safe aji, da rana ɗakin injuna. A aji ni kurma ne, Bitrus ke rubutu, in mun dawo ya juye mini da Hausa. Amma a ɗakin injuna ba mai gaya mini komai. Malaminmu na can wani dattijo ne siriri, mai farin gashin baki da ɗigon ja a goshi. Mai Sanda muke ce masa, saboda wata 'yar sandar ƙarfe da ba ya rabuwa da ita, tsawonta bai fi kamu biyu ba. In inji yana aiki sai ya ɗora bakinta a jikinsa, ya kafa ɗaya bakin a bayan kunnensa, ya lumshe ido, can ya ce a kwance wuri kaza. A kwance, a tarar da ciwon a nan. Turancinsa guntu ne, nawa ya fi guntarta, don haka muka fahimci juna. Ranar da na riga kowa gano wani ƙarfe da ya goge, ya dafa kafaɗata ya kira ni da sunan garinmu. Daga ranar ba ni da wani suna a wurinsa sai Kano.

Shi ne ya ga muna zaman ɗaki ranar hutu ya ce ba a zo ƙasar mutane don a kalli bango ba. Ya riƙa fita da mu. Ya kai mu wani tsohon masallaci da aka sassaƙa tagarsa da dutse kamar bishiya mai rassa, siririn aiki kamar ɗinkin hula, ya tsaya a waje riƙe da takalmana har na yi nafila na fito. Ya kai mu wata hasumiya da in an girgiza ta 'yar'uwarta ma sai ta motsa. Ya kai mu kasuwar tufafi, inda na ga rini irin na Ƙofar Mata na tsaya ina yi musu bayani da hannu. Ba mu da abin ɗaukar hoto, ido ne kawai, shi ya sa har yau ban manta ko ɗaya ba. 'Yan yanzu in sun je wuri baya suke juya masa, su ɗauki fuskarsu.

A wata na biyar ya kai mu wata tsohuwar rijiya. Rijiya ce, amma kamar bene ne da ya nufi ƙasa, hawa biyar, da matakala da ginshiƙai duk an yi musu zane. Kana sauka zafi yana raguwa, har ka isa inda ruwa yake kore shar, tantabaru suna kuka a saman kanka. A hawa na huɗu muka zauna cin abinci. Mai Sanda ya buɗe kwanonsa mai hawa-hawa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana sa mana gurasar da matarsa ta yi a tafin hannu. Ni kuwa ranar na ƙullo ɗan dambu a takarda na sa a aljihu, da niyyar in ɓuya bayan ginshiƙi. Sai ga dattijo a gefena, gwiwarsa tana taɓa tawa, gurasarsa a hannuna. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na san dokar, na san abin da saniya take a wurinsu, amma hannun da aka yi shekara ashirin ana buge shi da ludayi ya riga tunanina. Na buɗe takardar na miƙa na ce, "Bismilla."

Suna da wasu soye-soye masu kama da shi, sirara, ja-ja. Ya ɗiba ya kai baki. Ya tauna, ya gyaɗa kai, ya ƙara. Ya ce, "Na gida ne?" Na ce na mahaifiyata ne. Ya ce, "Da me ake yi?" Kafin in buɗe baki Bitrus ya taka mini ƙafa ya ce da Turanci, "Kwakwa ce. Kwakwa ake kankarewa a soya da yaji." Dattijo ya ce bai taɓa cin kwakwa mai daɗin wannan ba. Da muka hau sama zai shiga mota, sai ya juyo ya ce, "Kano, gobe ka ɗebo mini kaɗan. Tsohuwata tana nan da rai, ba ta da haƙori, wannan zai yi mata daɗi."

A hanyar komawa Bitrus ya ce, "Gobe ka ce ya ƙare. Shi ke nan, magana ta mutu."

Na ce, "Wanda ya ci fa?"

"Ya riga ya ci! Amai za ka sa shi? Kai, ka yi wa Allah ka rufa mana asiri. Mota guda aka yi maka rakiya. Da wane ido za ka sauka a Gyaɗi-Gyaɗi ba takarda? Injiniyan nan har walima zai yi."

Gaskiya ya faɗa, kuma saboda ni ya yi ƙaryar. Na ga kaina ina shiga lungunmu da akwati, wata huɗu kafin lokaci, mata suna leƙe ta kan katanga. Na ga Inna. Amma duk inda na juya sai in ga dattijon nan tsaye a ƙofar masallaci da takalmana a hannu. Na ce wa Bitrus, "Da wani ya ba ni alade na ci, ya ce mini kwakwa ce, kullum yana kallona yana murmushi, me zan kira shi?" Ya ce, "Taurin kanka ne zai kashe ka." Na ce, "Ba zan ambaci sunanka ba."

Washegari na same shi a ɗakin injuna, duk suna aiki, ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Ya miƙo hannu yana murmushi. Na matsa kusa da kunnensa na haɗa guntun Turancina na ce ba kwakwa ba ce, nama ne, saniya ce. Ya dube ni kamar bai ji ba. Na sake faɗa. Sai ya taka ya je ya kashe babban makunni, injuna ashirin suka yi tsit a lokaci ɗaya. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ajiye sandarsa a kan tebur, abin da bai taɓa yi ba, ya fita yana dafa bango.

Kwana shida bai zo ba. Labari ya bazu, ɗaliban da muke wasa da su suka daina zama a tebur ɗaya da ni, mai shayi ya riƙa ajiye mini kofi a ƙasa. Ban ga laifinsu ba. Sauran dambun na kai wa wani tela Musulmi a tsohon gari, na dawo da gwangwanin wayam, na haɗa kayana. A rana ta bakwai aka kira ni ofishin shugaban makaranta, Bitrus ya biyo ni don tafinta. Takardar da na sa wa hannu tana kan tebur. Mai Sanda yana zaune a gefe, an aske masa kai ƙwal, ya rame, daga baya na ji azumi ya yi ta yi, ya je wani kogi mai nisa ya yi wanka.

Bai dube ni ba ya ce, "Me ya sa ka ba ni?"

Na ce, "A garinmu ba a cin abinci kusa da babba ba a miƙa masa ba. Ka ba ni naka. Hannuna ne ya tafi."

"Me ya sa ka gaya mini? Da ka ce ya ƙare."

Na ce, "Ka ce za ka kai wa mahaifiyarka. Ni ma tawa ce ta yi shi."

Bitrus ya juya maganar, sannan ya ƙara da tasa, ya ce shi ne ya ce kwakwa. Ban sa shi ba, kuma ban manta masa ba. Shugaban ya ɗauki alƙalami. Sai dattijon ya ɗaga hannu ya yi magana da yarensu, doguwa, sannan ya maimaita da Turanci don mu ji. Ya ce takarda ta ce wanda aka kama da nama a gidan kwana. Shi bai kama kowa a gidan kwana ba, a rijiya ya ci, da hannunsa ya ɗiba, kuma bai tambaya ba sai da ya haɗiye. Ya ce shekara talatin yana koyar da yara su gaya masa inda inji yake ciwo tun kafin ya fashe, ba zai kori wanda ya yi hakan ba.

Kada wani ya ɗauka komai ya koma daidai. Bai koma ba. Wata huɗun da suka rage bai ƙara fita da mu yawo ba, bai ƙara dafa kafaɗata ba, kuma bai ƙara karɓar komai daga hannuna ba. Ko sifana zan ba shi sai ya nuna tebur, in ajiye, ya ɗauka. Abin yana ci mini rai, amma na san ni na jawo. Sai dai koyarwa, ya koya mini abin da bai koya wa kowa ba. Ya sa na nemo guntun ƙarfe, ya tsaya a kaina ina saurare, in na yi kuskure ya ce, "Sake, Kano." A jarrabawar rubutu da ƙyar na haye. A ta aiki ni na zo na ɗaya, a gaban masu digiri daga ƙasashe biyar.

Ranar da za mu taho na je yi masa sallama. Yana tsaye a bakin injin da ya kashe ran nan. Na yi godiya na juya, sai ya ce, "Kano." Ya miƙo sandar. Na matsa gefe na ba shi hanyar tebur, kamar yadda muka saba. Ya girgiza kai. Ya kamo hannuna na dama, wanda ya yi laifin, ya buɗe tafin, ya sa sandar a ciki, ya naɗe yatsuna a kanta da nasa hannun.

Da na dawo Kano, shekara shida na yi ina gyara injunan masaƙarmu, ba wanda ya taɓa kwana a tsaye. Sannan masaƙa ta rufe, aka sayar da su ga 'yan gwangwan, ina kallo ana fasa su da guduma. Injiniyan da ya ce ban iya rubuta sunana ba ya samu kujera a ma'aikatar gwamnati, yanzu in ya wuce a mota gilashi yake ɗagawa. Bitrus ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, sai gaisuwar Sallah da Kirsimeti a waya. Takardar shaidar tana cikin akwati, ba wanda ya taɓa cewa in nuna. Sandar ce take aiki. In na kafa ta a jikin adaidaita sahu na lumshe ido, matasa sai su ce, "Baba Indiya ya fara duba." In gaya musu inda ciwon yake, a kwance a gani, dariyar ta tsaya.

Ɗazu da la'asar yarinyar ta fito da robar dambun a hannu, an naɗe ta da leda. Na ce ta zauna, na ba ta labarin nan tun daga farko, abin da ban taɓa yi ba. Ta saurara, wayarta a kife a cinya. Da na gama ta ce, "To Baba, in ɓoye ke nan in ci ni kaɗai?"

Na ce, "Ke! Jikar Inna ce za ta ci ita kaɗai? Ki miƙa wa kowa. Amma ki fara cewa nama ne."